Hoton Inna a Kulle

"Ina Inna take?!" ya tambaya, yana nuna allon kwamfutar. "Wannan ai yashi ne!"

'Yar-lissafi, kamar yadda mijinta tela yake kiranta don tsokana, ta kasa ɗaga kai. Hoton marigayiya surukarta ne, shi kaɗai ya rage tun da ruwa ya cinye na takarda. Ita kuwa, da rawar kai irin ta ɗalibai, ta rasa inda za ta gwada manhajar binciken digirinta sai a kansa. Manhajar ta hargitsa ɗigon hoton kaf, ta kulle, ta shafe na asalin.

"Wallahi na rubuta makullin, rabin raina..."

"To buɗe mana!"

"Lambobi sha shida ne. Shida kawai allon ya nuna min, su na kwafa. Lissafin hargitsi ne, ko ta ƙarshe ce ta kauce, babu abin da zai dawo..."

"Gobe za a yi wa Baba tiyata! Abu ɗaya ya roƙe ni, in kawo masa fuskar matarsa ya gani. Me zan kai masa?"

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi, amma sai ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa.

A nan ta tuno faɗan malaminta. Kafin kullewa, manhajar takan raba hoto gida biyu: haske da inuwa gefe guda, siraran layuka gefe guda. Saboda son saurinta, na farkon kaɗai ta sa manhajar take kullewa, layukan kuwa suna nan yadda suke. Sau uku ya ce mata lalaci ne, ta gyara, ba ta gyara ba.

"Tsaya! Don girman Allah kar ka fita!"

Ta zubar da yashin, ta bar layukan. A hankali suka fito kan allo mai ruwan toka: ɗaurin ɗankwali, tamojin gefen ido, sai murmushi.

Ya durƙusa a gaban teburin.

"Wushiryarta..." ya ce.

"Launin ya tafi ke nan har abada," ta ce cikin kuka. "Ka yafe min."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya riƙo hannunta.

"Buga shi a takarda, mu tafi tare. Shekara arba'in Baba yana kallon fuskar nan. Shi zai cike sauran."