Yadda Tsibirin Sai-Gobe Ya Sami Suna

A can da, wani marowacin banza ya zama maigarin wani ɗan tsibiri marar suna. Ya ce sunansa za a sa wa garin.

Dattawa suka ce, "To ranka ya daɗe, sai ka yanka ragon suna."

Ya ɗaure rago a ƙofar gida. Suka zo, ya shafa bayan ragon, ya ce, "Sai gobe." Suka dawo, ya ce, "Sai gobe." Har ragon ya zubar da haƙora.

Ran nan ya taso daga kasuwar ƙetare, ya faɗi sunansa, wai a kai shi garinsa.

Mai kwalekwale ya ce, "Baba, ba mu san wurin ba. Mu Sai-Gobe za mu. Za ka, ko iyo za ka yi?"

Gogan ya shiga.