Usur ɗin Baba Ubale

A shagon yadin mahaifinta da ke kasuwar Bab Makka Mahadi ya fara ganin Bashira. Rigunan ƙwallo ashirin da biyu ya zo a ɗinka masa. Da ta tambayi sunan ƙungiyar, ya ce babu ƙungiya. Tun da aka rushe unguwar Karantina, samarin Hausawan Sudan da na Nijar ba sa haɗuwa a fili sai an tashi baram-baram, shi ya sa duk Juma'a yake zuba sunayensu a hula ya raba su da ƙuri'a.

Ɗinki ya kammala cikin mako guda, amma Mahadi bai daina zuwa duba shi ba.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Baba Ubale, wanda ya shekara talatin yana alƙalancin wasa a Karantina, ya ce ba zai ba baƙo 'yarsa ba, iƙama, takardar izinin zama, ba ta nuna hali. Ga kuma Abduljalil, ɗan amininsa, yana jira.

Mahadi ya tura mata saƙo: "Hasken idona, ko in haƙura?"

Ta amsa: "Kai masa usur, masoyi. Baba ba ya sanin mutum sai a fili."

Tsohon ya karɓi usur da alƙalancin wasan yana gunaguni. Ranar Juma'a bayan la'asar, ana ɗaya da ɗaya, lokaci ya kusa cika, Mahadi ya zura ƙwallo a ragar da Abduljalil ke tsaro. Usur ya tabbatar da ci, fili ya kaure.

Mahadi bai yi murna ba. Ya tako gaban alƙali ya ce, "Baba, hannuna ta taɓa. Ba ci ba ne."

Aka soke. 'Yan ɓangarensa, na Sudan da na Nijar, suka taru suna yi masa tsiya da baki ɗaya, abin da ba a taɓa ganin sun haɗu a kai ba.

A gida Bashira ta kawo wa mahaifinta shayi. Sai da ya kurɓa sau biyu kafin ya yi magana.

"Na ga hannun nan sarai, 'yata. Jira nake in ji ko zai faɗa. Halas, magana ta ƙare, ya turo manyansa."

A unguwar Safa aka ɗaura auren, Abduljalil ne ma ya raba dabino. Baba Ubale ya yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Usur kam bai mayar ba.