Tsamiya Za Ni

A can wani zamani an yi wani mutum mai taurin kai. Wata rana ya ɗauki matarsa a kwalekwale, za su sunan ɗan ƙanwarta a tsallaken kogi. Mashigin yana gindin wata tsamiya, sauran gaɓar duk taɓo ne.

Ya saita hancin jirgi da tsamiya, ya yi ta tuƙi. Ruwa kuwa ya yi ta jan su ƙasa, sai ga su cikin taɓo. Suka komo. Ya sake saita tsamiya, ya ƙara ƙarfi, sai ga su cikin taɓon nan dai.

Matar ta ce, "Maigida, kai kana tura shi gaba, ruwa yana tura shi gefe, shi kuwa jirgi ku biyun yake bi. Nufi kukar can ta sama."

Ya ce, "Tsamiya za ni, me ya haɗa ni da kuka?"

Can sai iska ta kawo ƙamshin suyar ragon suna. Nan take ya juya jirgi wajen kuka. Ya tura, ruwa ya tura, sai ga su a gindin tsamiya.

Ya gyara hula ya ce, "Dama abin da nake shirin yi ke nan."

Matar ta danne dariya ta ce, "Ai na sani, Maigida."