Layin da Mika'ilu Ya Ja

Da yammacin wata Laraba, bayan an gama girbin dawa, Mika'ilu safiyo, mai awon filaye, ya tsayar da motarsa a bakin gonar kakansa da ke bayan Ungogo, ya ɗora sabuwar laftof ɗinsa a kan bonet.

Ya sha yawo kafin ya zaɓi wannan laftof. Tsohuwar, da ya buɗe manhajar zanen filaye sai ta ɗau zafi, ta daskare, ta mutu da aikin yini guda a cikinta. Don haka ya bi shagunan Kano yana yatsina: wannan ƙwaƙwalwarta ba ta kai ba, waccan ba a ganin fuskarta a rana, waccan kuma batirinta jeka-na-yi-ka ne. Daga ƙarshe ya sami wata baƙa mai nauyi, batirinta a liƙe a ciki, ba ya ciruwa. Mai shagon ya ce masa, "Yallaɓai, ko kai ka gaji, ita ba ta gajiya. Duk layin da ka ja ta riƙe shi ke nan."

Magada sun sayar wa wani dillali gonar, za a yanka ta fulotai. An yi wa Gwaggo Larai, ƙanwar mahaifinsa, fin ƙarfi, ita kuwa abu ɗaya kawai ta roƙa. Akwai wani ziri da ya ratsa gonar daga tsohuwar rijiya zuwa kurmi. Tun kaka da kakanni ba a sa masa garma, ba a shuka, ko akuya ba a ɗaurewa a kansa. Hanyar masu wurin ce, mutanen ɓoye. Mika'ilu ya san haka sarai, don yana yaro ya sha rankwashi a kan zirin nan.

Ta same shi yana zane, da fartanyarta a kafaɗa.

"Mika'ilu, ku cinye gonar, na bar ku da Allah. Amma ka bar musu hanyarsu."

"Gwaggo, zirin nan jerin shaguna ne," ya ce, ko kallonta bai yi ba. "In hanya suke so, su zo su saya. Ke ma gara ki fara neman inda za ki kai akuyoyinki."

Tsohuwa ta juya tana share ido da bakin mayafi. Ko a jikinsa. Ya ja layi ya toshe zirin ta wajen rijiya, ya ja wani ya toshe ta wajen kurmi, ya tura wa dillali zanen nan take. Har da murmushinsa, don na'urar ko gezau ba ta yi ba.

Rana ta faɗi. Daga ƙauye aka soma kiran magariba, sai kiran ya yanke a tsakiya, kamar an rufe masa kunne da tafin hannu.

Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, alhali rabon da a ga ruwa tun kafin girbi. Ya ji takun ƙafafu daga wajen kurmi, masu yawa, ba sauri. Ƙarar warwaro. Ruwa na kaɗawa a tulu. Wani jariri ya yi tari.

Takun ya zo daidai inda ya ja layi, ya tsaya cak.

A fuskar laftof akwai ɗigon da na'urar awon da ke aljihunsa ke nuna inda yake tsaye. Yana kallo, wani sabon layi ya fara jan kansa a gabas da ɗigon. Hannunsa ba ya kusa. Wani ya biyo ta kudu, wani ta yamma.

Ya danna goge. Ta riƙe.

Ya danne maɓallin kashewa har yatsansa ya yi fari. Fankarta ta ci gaba da huci a hankali. Ya kifa ta yana laluben batir, sannan ya tuna ba ya ciruwa, ya sake juyo ta.

Layi na huɗu ya rufe.

Ya zabura zai gudu, goshinsa ya daki wani abu mai sanyi, a fili fetal, inda babu ko kara. Ya juya, ya sake karo. Jini ya gangaro masa cikin ido. Da ya waiga, akwatin da layukan suka zana a fuskar laftof ya ragu.

"Mu wuce ta ina?" wata murya ta raɗa masa a ƙeya. Ba fushi a cikinta. Tambaya ce kawai.

Wata ƙaramar murya ta ce, "Inna, shi ma ya tsaya."

Bangon da ba ya gani ya taɓa kafaɗunsa biyu. Numfashi ya ƙi shiga. Ya buɗe baki zai yi addu'a, ƙasa ce cike a harshensa.

Sai ya ji ƙarar ƙarfe na tsaga ƙasa. Gwaggo Larai ce. Ta hango shi daga nesa yana ta karo da iska, ta dawo tana jan fartanya a ƙasa, bakinta na motsi, har tsagin ya iso yatsun ƙafarsa.

"Bi nan," ta raɗa. "Kada ka ɗaga kai. Ba don kai na yi ba, gawa ce ba na so a gonar ubana."

Da rarrafe ya fita, wani abu na goge masa baya har ya tsage rigarsa.

Wannan bai hana komai ba. Dillali ya riga ya karɓi zane, aka kafa turakun siminti, aka gina shaguna a kan zirin, aka kori Gwaggo Larai da akuyoyinta. Ba a daɗe ba ta rasu a ɗakin aro.

Mika'ilu kuwa ya warke, yana ci, yana hira, yana gane kowa. Hanya ce kawai aka ɗauke masa. In ya fita zaure ba ya iya komawa ɗakinsa. Mutumin da ya yanka wa rabin Ungogo iyaka, yau kullum in lokacin salla ya yi sai ya tsaya a kan darduma, har matarsa Maijidda ta zo ta kama kafaɗunsa ta juya shi gabas. Kafin ya kai ruku'u ya sake karkacewa.