Tsohon Mai Tsaron Baya da Lemon Tsami

"Wai akwai abin da ya taɓa wuce tsohon nan kuwa?" Haka na ji wata mata tana tambaya a bakin rijiya. Na sunkuyar da kai, don surukina ake nufi.

A zamaninsa mai tsaron baya ne a wasan ƙwallon ƙafa. Ƙwallo ba ta wuce shi, ɗan wasa ba ya wuce shi. Da ya koma koyar da yara, duk ya jera su a baya. Ba sa ci, ba a cin su. A gida ko kaza ba ta wuce shi. Da wannan yake taƙama a gari.

Rannan jikarsa mai koyon tafiya ta ajiye lemon tsami a gabansa. Ya tare ƙofa, ya ce, "Amarya, ko ke ba ni ƙyalewa!"

Ta buga lemon, ta faɗi daɓas, ta kwaɓe fuska za ta yi kuka. Lemon yana gangarowa a hankali. Baba ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ɗaga ƙafa. Lemon ya wuce, yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya.

Ina madafa ina kallo. Na ƙudura ba mai jin wannan a bakina.