Bakwai a Raba Biyu

"Yaya Suhaibu, wa ya taɓa min manhajata?!"

Hadiyya ta juya masa fuskar kwamfutar, idanunta fal hawaye. Saura awa biyu ta kare aikinta na kammala karatu, manhajar lissafin aljabra da ta shekara tana ginawa. Ga shi Ikilima, wadda ta daɗe tana mutuwar son Suhaibu, ta kai wa malamai tsegumin wai shi ya rubuta mata.

Kuma Baba ya rantse, in ta faɗi babu zancen aurenta da Suhaibu.

Suhaibu ya sosa ƙeya. Gwanin kwamfuta a duk Daura, sai ga shi yana in'ina!

"Sahibata... kin sa aikin rabawa a babban aji na sama, wato rukunin da ya haɗa duk lambobi a manhajar, duk ajujuwan ƙasa suka gaje shi. Cikakkun lambobi kuwa ba su san rabi ba. Bakwai a raba biyu, sai ta ce uku."

"Shi ne ka lallaɓa ka yi min faci a ƙasa?"

"Na ga kina ta murna ne, na kasa faɗa miki..."

"Murna?! Rufin asiri ka yi min, ko raini?"

Ta share facin nasa tas. Ta bar tarawa a sama, tunda kowace lamba na tarawa. Rabawa kuwa ta sauko da ita ajin lambobi masu rabi da kwata.

A gaban malamai, babbansu ya gyara tabarau.

"An ce ba hannunki ba ne."

"Malam, an taɓa min wuri ɗaya, na goge. Kuskuren ma nawa ne, bari in nuna muku."

Ta zayyana komai tiryan-tiryan. Ikilima da ta zo kallo dai, ba a ga fitarta ba.

A gindin darbejiya Hadiyya ta iske Suhaibu, ya haɗa gumi sharkaf kamar shi aka titsiye.

"Na ci!"

"Alhamdulillahi! Hasken idona, ki yafe min..."

"Da sharaɗi. In na yi kuskure a gidanka, ka faɗa min ido da ido."

"Ko gishiri ne ya yi yawa?"

Ta harare shi, murmushi na ƙwace mata.

"Musamman gishiri. Tashi mu je, Baba na zaure yana jira."