Bugun Zuciyar Auta

Tun magariba wani injiniya yake fama da sabar, wato babbar kwamfutar da ke raba saƙonni, har ofis ya watse ya bar shi. Wani tsohon haɗi ne da wata kwamfuta ke karɓar saƙo ya ƙi saki. Da ya duba sunan haɗin, sai ya ga an rubuta Auta. Ƙaninsa ne, abokin aikinsa, wanda ya rasu bara.

Ƙa'idar sabar, duk kwamfutar da ta daina aiko alamar da ake kira bugun zuciya, yanke ta ake yi. Ta Auta kuwa tana cikin durowa, ko batir babu. Amma ga alamar tana shigowa a hankali, tana tsallake ɗaya, kamar yadda zuciyar Auta ta riƙa yi a asibiti.

Injiniyan ya kai hannu zai yanke haɗin, sai kujerar gefensa ta motsa. Warin magani ya cika ɗakin. A ƙarƙashin tebur ya hangi ƙafafu ba takalmi, ba sa taɓa ƙasa.

"Yaya," in ji wata shaƙaƙƙiyar murya, "wancan karon kai ka sa hannu aka cire mini na'urar numfashi. Wannan dai ka bar mini."